Tagwayen Kwamfutocin Reijo

Wari ne ya fara tarbata tun daga kan matakala. Duk lokacin sanyin a garin Oulu na yi shi, wajen 'yata, ina jinyar ƙugun da aka yi mini aiki, har na soma manta yadda ɗakin ƙungiyarmu yake. Ina tura ƙofa ya tuna mini. Tsamin safa, ragowar giya a gwangwani, man makkara, naman nan da ake ɗurawa a hanji, da ya ɗiga ya daskare a kan tebur, ga kuma ɗumin ƙurar nan da ke fitowa daga bayan kwamfuta. Maza biyu ne kacal a ciki, amma warin ya isa na mutum goma.

Ɗakin yana ƙarƙashin benenmu a unguwar Hervanta, tsakanin ɗakin wanki da sauna, wato ɗakin wankan tururi. Yawancinmu 'yan fansho ne, kuma aikinmu bai da wuyar ganewa. Masu bincike a jami'o'i sukan samu lissafin da ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai su yanyanka shi ƙulli-ƙulli su raba wa duk mai so ta intanet. Kwamfutarka ta karɓi ƙulli, ta warware shi, ta mayar musu, su ba ka maki. Makin nan ko kofin gahawa ba ya saye, amma da idona na ga dattawa masu jikoki sun daina gaisawa a kansa.

Reijo ne ya kafa ƙungiyar. Shi ya koya mini harkar, shi ya koya wa kowa. Sai ciwon nan mai cinye jijiyoyi ya kama shi, ya fara da ƙafafu, ya hau hannuwa, da kaka kuma ya tafi da muryarsa. Yana da manyan kwamfutoci biyu, tagwaye, rana ɗaya ya saye su, komai nasu iri ɗaya. Ƙwaƙwalwar kowacce tana da kai goma sha shida, kowane kai yana ɗaukar ƙullinsa daban. Da ya zamana ba ya iya kula da su, matarsa Aulikki ta sa aka sauko da su ɗakin ƙungiya. A gabana ta faɗi sharaɗinta, kafin in tafi Oulu: akwai wata jami'a da ke binciken ciwon Reijo, tana raba ƙulli, kuma ta ce ƙarshen Afrilu za ta rufe karɓa. To kwamfutocin nan su yi wannan aikin kaɗai, da sunan Reijo, dare da rana.

Aulikki ba yarinya ba ce. Likita ya gaya mata gaskiya, ta san babu maganin da zai iso mijinta. Abin da ta ce mana shi ne, "Ni dai in ina juya shi, ina goge shi, ina so in san akwai wani abu namu a ƙasa yana faɗa da ciwon nan." Kalevi da Tuomo suka ce ta bar komai a hannunsu. Su ne mutanen biyu da na iske cikin warin nan ranar Alhamis, a farkon Afrilu.

"A'a, ga Sirkka da sabon ƙugu!" in ji Tuomo, yana shafa tumbinsa. "Na ƙarfe suka sa miki ko na roba? Taka mu ji ko yana ƙara."

"Ya fi naka aiki," na ce. "Wane ɓera ne ya mutu a ɗakin nan kuka ƙi fitar da shi?"

"Kalevi ne. Tun Kirsimeti ya mutu, gemun ne kawai ke motsi."

Kalevi bai ko ɗago ba. Yana zaune gaban allo da sandal a kan safa, kamar yadda na san shi shekara da shekaru. Shi mutumin Linuks ne, in ka ce masa akwai wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ban da ita, sai ya dube ka kamar ka zagi uwarsa. Tuomo kuwa a ofishin inshora ya tsufa, Windos ya sani, Windos zai mutu a kai. Gardamar wacce ta fi iya raba aiki a kan kawunan ƙwaƙwalwa ta girmi wasu jikokina. Ba su taɓa raba ta ba, don kullum wani zai ce ai na'urarka ta fi tawa.

Na dubi tagwayen Reijo a kan kanta. An manna wa ɗaya takarda an rubuta L, ɗayar W. A bakin fankar ta sama an shanya tawul ɗin sauna yana bushewa, ta ƙasa kuma an ɗora mata makkara biyu cikin takarda don su yi ɗumi. Na ce a raina, tunda dai suna aiki. Fankokin suna ta kuka, kawuna duka a cike.

Ban gama cire rigar sanyi ba Aulikki ta shigo. Ta rame, kafaɗunta sun faɗa. Ashe duk Alhamis, idan ma'aikaciyar jinya ta zo ta zauna da Reijo, sai ta sauko da burodin kirfa da ta gasa da hannunta. Muka rungumi juna. Ta ajiye kwandon, mutanen nan suka kai hannu ko wankewa ba su yi ba. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna gaban allon tagwayen, inda hoton furotin, ɗan sinadarin jikin da ake lissafi a kansa, yake juyawa a hankali, launi-launi.

"Kin ga mutumina?" ta ce mini, tana murmushi. "Har na saba da shi. Ga wutsiyarsa a lanƙwashe, ga ɗan jan kunnen nan. Duk mako in na zo yana nan yana jirana. Ni ban san komai a harkarku ba, amma in na zauna na kalle shi sai in ji sanyi a raina."

Tuomo ya daina tauna. Kalevi ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur wanda bai ɓata ba.

Ni kuwa na ƙura wa allon ido. Duk wanda ya yi mako guda a wannan aiki ya san kowane ƙulli da hotonsa. Ka gama wannan, wani ya zo da wata siffa. Ba yadda za a yi hoto ɗaya ya zauna tun kaka har bazara. Na sha gahawa mai ɗaci a kofin da na wanke sau biyu, na tambayi Aulikki jikin Reijo. Ta ce da sauƙi, irin yadda ake cewa. Da lokacinta ya cika ta ɗauki kwandonta, ta ce wa mutanen nan, "Ban san da me zan saka muku ba," ta hau.

Ƙofa na rufewa na leƙa bayan kanta. Wayoyin intanet na tagwayen suna nan, an zare su, an naɗe kowacce tsaf, an ɗaure da roba an rataye a ƙusa. Ƙura ta kwanta a kansu. A duk ɗakin nan su kaɗai ne abin da aka yi wa aikin tsabta.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ke Sirkka, zauna tukuna," in ji Tuomo. "Ba yadda kike zato ba ne."

"Tun yaushe aka cire wayoyin nan?"

Kalevi ya gyara tabarau. "Kin san ƙa'ida, ba sai na koya miki ba. Ƙullin da suke aikowa ba girmansu ɗaya ba. In wannan ta samu mai sauƙi, waccan ta samu mai wuya, me kika auna? Shirme. Dole a ɗauki ƙulli ɗaya tak, a kwafa wa kowane kai, a yanke intanet kada wani abu ya shigo ya ci lokaci, a yi ta maimaitawa. Ba mu taɓa samun na'ura biyu iri ɗaya ba sai yanzu. In muka bar damar nan ta wuce, shi ke nan."

Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Haka ake gwajin, ni ma haka zan yi. Amma yini guda ake yi, a rubuta sakamako, a mayar da waya.

"Ai da niyyar Asabar da Lahadi muka fara," in ji Tuomo. "Windos ta ci, ƙiri-ƙiri. Sai wannan tsohon ya ce wai tasa tana kantar sama, zafi na hawa kanta."

"Ƙarya na yi? Da muka sauya musu wuri wa ya ci?"

"Ka ci don ka bar ƙofar ɗakin wanki a buɗe, iska na bugun taka!"

"Kai kuma da ka je ka taɓa saitin wuta a ɓoye fa? Ɓarawo!"

"Wa ya kwana uku yana sake gina cikin manhajarsa, ya ce wai gyaran fuska ne?"

Suka manta da ni sarai. Daga bakinsu na ji sauran labarin. Sun gwada da kawuna duka, sun gwada da barin kai ɗaya ya huta. Sun gwada da rabi. Sun musanya faifai tsakanin na'urorin, sun musanya fankoki, sun sayo ma'aunin zafi sun liƙa a bango. Duk bambancin da suke wannan haukan a kansa 'yan daƙiƙu ne, yau ya karkata nan, gobe can. Kuma duk tsawon sanyin nan, kawuna talatin da biyu suna ta warware ƙulli guda wanda an riga an san amsarsa tun watan Nuwamba.

"Ƙulli nawa kuka mayar wa masu binciken da sunan Reijo?" na ce.

Tuomo ya dubi Kalevi, Kalevi ya dubi allo.

"Tambayarku nake."

"Ki duba abin da idon basira," in ji Kalevi. "In muka tabbatar wacce ta fi sauri, duk shekarun da ke tafe bincike ne zai ci riba. Wannan ma kimiyya ce."

"Ka ci burodin matar nan duk Alhamis, ka dubi idonta, ka ce mini kimiyya? Tir da ku. Wallahi ƙyamarku nake ji, ku duka biyun."

Na fizge tawul ɗin na jefar, na ture makkaran cikin kwandon shara. Na tsinke robar, na soka wayoyin a mazauninsu, na kashe gwajin, na buɗe aikin gaske. Kalevi ya miƙe yana ihu wai na ɓata musu zagaye, saura kaɗan ya cika. Tuomo ya riƙe kai. Ban kula su ba. Nan da nan ƙulli suka fara sauka, sababbi, kowanne da siffarsa. Saura 'yan makonni a rufe, amma na'urori irin waɗannan in aka sake su za su yi abin kirki kafin lokacin.

Sai Tuomo ya matso, ya sassauta murya. "Sirkka, 'yar'uwa, tunda an gyara, ba sai Aulikki ta ji ba, ko? Tausayinta nake ji."

Na juya masa baya. Na san dai Alhamis mai zuwa za ta sauko ta tarar mutumin nata mai lanƙwasasshiyar wutsiya ya ɓace, ta tambaya, su kuma su shirya mata wata ƙaryar. Gara ta ji daga bakina.

Washegari da hantsi na hau hawa na huɗu. An kawo gadon asibiti an kafa wa Reijo a falo, kusa da taga. A gabansa akwai allon nan mai bin motsin ido: ya kalli harafi ya tsaya, harafin ya fito, in jimla ta cika wata murya ta karanta. Aulikki tana ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, tana share masa haɓa bayan kowane cokali. Gidan fes, sai ƙamshin sabulu. Na so in ja ta kicin, ta ce in faɗa a nan, ba ta ɓoye wa Reijo komai.

Na faɗa. Ban yi wa kowa ado ba.

Ta ajiye cokalin a cikin kwano. "Ko ɗaya ba su aika ba?"

"Ko ɗaya."

"To abin nan da nake zuwa ina kallo..."

"Ƙulli ɗaya ne, suna ta maimaita shi. Amma jiya na mayar da wayoyin. Suna aiki yanzu, aikin gaske. Kafin ƙarshen wata za a samu wani abu da sunansa."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gadon, ta zuba wa hannuwanta ido. Da ta yi kukan ma da ya fi mini sauƙi. Muna cikin haka na ga haruffa suna fitowa a allon Reijo, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Muryar na'urar ta ce, "Na sani."

Aulikki ta juya. "Ka san me?"

Muka jira. Idonsa yana yawo a kan haruffa, yana kuskure, yana gogewa. "Ina duba shafin makina kullum. Bai motsa ba. Na gane abin da suke yi."

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun farko."

"Reijo. Ka bar ni ina sauka duk mako ina yi musu godiya?"

Ya mayar da idonsa kaina, sannan ya koma kan allo. Ya daɗe yana haɗa jimlar, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ni har na shirya jin ban haƙuri. Muryar ta ce, "Sirkka. Wacce ke gaba?"

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ga mutum kwance, ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa, ina ƙaunarsa, ina tausayinsa har cikin ƙashina, amma na ji ƙyamar da na ji a ɗakin ƙasa ta taso mini a kansa shi ma. Ashe ciwonsu ɗaya su uku. Matarsa ta ƙare a kansa, abu ɗaya ta roƙa a duniya, shi kuwa yana kwance yana jiran sakamakon gardama.

"Ba wacce ke gaba," na ce. "Yau wannan, gobe waccan. Kuma na tsayar da shirmen."

Idon Reijo ya tsaya cak. Bai sake kallon allon ba. Ya juyar da shi wajen taga, ya bar shi can.

Aulikki ta dube shi. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Shi ya sa," ta ce. "Kin san duk ranar Alhamis ba ya yarda ya yi barcin rana? Sai ya jira na hawo, ya ce me suka ce. Ni kuma in zauna in kwashe masa duk haukan da na ji, wai wannan ya buɗe ƙofa, wancan ya taɓa fanka. Ban san ma'anarsu ba, ina faɗa ne kawai. Sai in ga idonsa yana dariya. Ranar ce kaɗai yake cinye abincinsa. Ni a zatona murna yake ana yaƙar ciwonsa."

Ta miƙa masa cokali. Bai buɗe baki ba. Ta sake gwadawa, ya ƙi, idonsa na kan taga. Kunun ya gangaro ta gefen leɓensa, ta share.

"Sirkka," ta ce, ba ta dube ni ba, "in aka bar waɗancan biyun, yaushe za su gama?"

"Su? Ba ranar gamawarsu. In ɗaya ya ci, ɗayan zai ce rana ce ta hasko ta taga."

"In kuma aka bar aikin gaske fa, zai warkar da wani?"

Na so in ce mata e. "Zai taimaka," na ce. "Kaɗan. Akwai dubban mutane da ke yi, namu ɗigo ne a ciki. Amma shi ne abin da kika ce kina so, Aulikki. Shi ne kika roƙa."

"Na sani."

Ta juya cokalin a cikin kwano.

"Ki sauka ki cire wayoyin."

"Haba, Aulikki! Bayan duk abin da suka yi miki?"

"Ba don su ba. Su kam ko a hanya kada su gaishe ni, kuma sun ci burodina na ƙarshe. Zan dai riƙa sauka in ji abin da suke cewa, in hawo." Ta ɗaga murya kaɗan, yadda na kan gadon zai ji. "Ki ce musu su faro daga farko, tunda kin ɓata musu. Ki ce kuma in ji ni, kada wanda ya kuskura ya ci."

A hankali idon Reijo ya baro taga ya dawo kanta. Ita ba ta yi masa murmushi ba. Ta ɗebo kunun, ta kai cokalin bakinsa.

"Buɗe baki, tsohon banza," ta ce.